Ruwan Tiga da Ƙofofin Kakuri

Duk wanda ya saba hawa motar Kano daga Kaduna tsakanin Janairu da Maris ya san daidai inda hira take sauyawa a cikin mota. Daga Kawo har Zariya, siyasa ce da tsadar mai, ko kuwa kowa ya duƙufa kan wayarsa. Gefen titi babu abin kallo: karan dawa da aka jingine, ciyawar da wuta ta lashe, shanu suna kalen abin da ya rage, hazo ya rufe sauran. An wuce Tashar Yari, an wuce Kwanar Ɗangora, ana dosar Ciromawa da Kadawa, sai ƙasa ta baje. Ido ya tafi iya ganinsa babu tudu babu kwazazzabo, kuma ko'ina kore shar a tsakiyar rani: alkama, albasa, tumatir, masara, ga shinkafa an dasa ta tana tsaye cikin ruwa. A nan ne dattijon da bai ce uffan ba tun Maraban Jos zai ɗago kai ya ce, "Ikon Allah!" Wata daga kujerar baya ta ce, "Malam direba, don Allah a ɗan tsaya mana a Kwanar Gafan mu yi tsaraba."

Ikon Allah ne, babu mai ja. Amma akwai waɗanda suka yi haƙa. Ruwan da ya kawo wannan kore daga wani tafki yake fitowa wanda yawancin fasinjoji ba su taɓa sa shi a ido ba, domin ba a bakin titi yake ba. Sai an bar babbar hanya an karkata gabas cikin ƙasar Bebeji kafin a tarar da shi. Tafkin Tiga ke nan. Ina ganin mu mazauna kudancin Kogin Kaduna, mutanen Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa da Sabon Tasha, mun fi kowa bukatar zuwa mu tsaya a bakinsa, saboda akwai wata magana da muka daɗe muna yi wa kanmu wadda ganin Tiga zai sa mu sake duba ta.

Maganar ita ce masaƙu za su dawo. In ka taso daga Kakuri za ka nufi Kano, ƙofofinsu ne farkon abin da za ka wuce. Masaƙar Kaduna, wadda kowa ke kira KTL, ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964 da jarin mutanen Hong Kong, ga Arewa Textiles da hannun Japanawa a ciki, ga Nortex. A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa motocin Peugeot a wannan yanki dai. Dattawan unguwa har gobe suna ba da labarin lokacin da jiniya ke busawa a canza masu aiki, titi ya cika maƙil da kekuna, masu abinci da masu ba da bashin wata su yi ta ciniki har dare. KTL ta rufe a 2002. UNTL ta sallami ma'aikatanta a 2007, kuma buɗewar da aka sake yi mata daga baya ba ta mayar da ko kusa da abin da aka sani ba. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun koma ga Allah suna jiran haƙƙin sallamarsu.

Abin da ya kashe su ba ɓoyayye ba ne. Wutar lantarki ta gagara, baƙin man da ake kunna tukwanen tururi da shi ya yi tsada, injuna sun tsufa kuma kowane ƙarfe nasu sai an sayo shi da dala, atamfar Sin ta shigo ta ɓarauniyar hanya da rabin farashi, noman auduga ya ja baya. Gwamnatin tarayya ta ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da saƙa. Kowane zaɓe kuma sai an kawo ɗan takara bakin ƙofar KTL ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Ƙofar tana nan a garƙame, ciyawa ta fi mutum tsawo a ciki.

Wani abin takaici shi ne kogin da ya raba garinmu biyu shi ne ke ba ƙasa wuta. Daga nan yake gangarawa ya cika tafkin Shiroro a Jihar Neja, inda aka ƙaddamar da tashar megawat 600 a 1990, ya ƙara gaba zuwa Zungeru mai megawat 700. Da ana zaman lafiya, Shiroro ne babban tafkin da ya kamata mai iyali a Kaduna ya kai 'ya'yansa su gani ranar Asabar, tunda ruwan da suke tsallakawa kullum a kan gada shi ne ya taru a can. Amma wa zai ɗebi yara ya nufi wajajen Sarkin Pawa ko Birnin Gwari yawon buɗe ido a shekarun nan? 'Yan bindiga sun rage mana taswira. Shi ya sa hanyar arewa ce ta rage, kuma ita ce ta fi daɗin bi tun da aka kammala gyaran ɓangaren Kaduna zuwa Kano aka buɗe shi a watan Mayun 2023, watan da aka cire tallafin mai. Titi ya yi kyau a daidai lokacin da shigarsa ta yi tsada.

Ka bi titin Nnamdi Azikiwe ka tsallake kogi, ka fita ta Mando da Kawo, Rigacikun, Jaji, Kwangila a Zariya, duk wannan ba sai an faɗa wa mutumin Kaduna ba. Abin da ba a cika yi ba shi ne barin titin bayan an shiga Jihar Kano. Hanyar Tiga ƙarama ce, tana ratsa ƙauyuka da gonakin tudu da bishiyoyin ɗorawa da kuka, har mutum ya fara zargin ko an yi masa kwatancen banza. Kwatsam sai ga doguwar ganuwar ƙasa da duwatsu, kusan kilomita shida tsawonta. Ka hau kanta, sai ruwa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 178, wanda bai saba ba sai ya nemi ɗaya gaɓar ya rasa, musamman in akwai hazo. Ƙananan duwatsu sun leƙo daga ciki nan da can. Masunta na tuƙa kwalekwale suna duba komarsu, mata a bakin gaɓa suna soya karfasa da tarwaɗa, Fulani sun kawo shanu shan ruwa. Babu ƙarar inji ko ɗaya da ta kai ta janareton mai cajin waya a bakin kasuwar Monday ta Kakuri.

Wannan shirun shi ne abin lura. An gina dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Lokacin fari ya addabi Sahel, dabbobi na mutuwa, mutane na kwararowa daga arewa neman abin kaiwa baki, kuɗin mai kuma sun fara shigowa. Bako ya zuba su a madatsun ruwa, manya da ƙanana. Tiga ce babbarsu, an tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga baya, da aka kafa hukumomin raya koguna a 1976, aikin ya koma hannun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Injiniyoyin Holan da suka zana aikin noman ranin sun yi amfani da abu guda da ba ya yankewa, ba ya bukatar dala, kuma babu jami'in da zai iya karkatar da kuɗinsa: gangare. Tiga ta fi filayen Kadawa da Kura da Bunkure tudu. A buɗe ƙofa kawai, ruwa ya bi babban kanal da ƙafarsa, ya ratsa tafkin Ruwan Kanya, ya rabu gida biyu, reshen gabas da na yamma, ya shiga ƙananan kanal, daga nan zuwa 'yan magudanan da ke bin gefen gonaki. Manomi ya zo da guntun tiyo ya tsoma, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu ya ja, ruwa ya tsallako cikin kunyarsa. Ko an yi wata guda babu wuta a Najeriya, alkamar Kadawa za ta sha ruwa.

Abu na biyu da ya raya aikin shi ne yawan masu shi. An auna gonakin, an baje su, an cire kason da kanal da hanyoyi suka ci, aka mayar wa mutanen wurin saura. Kashin farko na aikin an tsara shi a kan hekta 22,000, abin da aka kammala bai kai haka ba, amma dubban magidanta ne ke riƙe da shi, wani eka guda, wani rabi, wani biyar. Masaƙa manaja ɗaya ke sa hannu a rufe ta, washegari mutum dubu huɗu su zo su tarar da kwaɗo a ƙofa. Kanal kuwa in ya toshe a wani yanki, waɗanda tumatirinsu zai ƙone ba sa jiran takarda daga Abuja. Gayya suke yi, su shiga da shebur da lauje. In ya fi ƙarfinsu su yi karo-karo su ɗauko mota mai haƙa, su kuma dami hukuma da kai-komo har sai ta motsa. Garin Kura ya zama kasuwar shinkafa ba don wani ya zana hakan a takarda ba: shanshera ta yi yawa, mata suka shiga turara ta, injinan casa suka cika gari, dillalai da masu lodi da masu ɗinkin buhu suka samu abin yi.

Wanda yake ganin na cika yabon gangare, ya dubi 'yan'uwan Tiga da aka haifa a zamani ɗaya. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, an kammala dam a 1978, aka tsara mafi yawan filin a kan ban ruwa na feshi, wanda sai da famfuna da wutar lantarki. Famfunan suka lalace, bututun suka zama kayan gwangwan, ɓangaren da ruwa ke bin gangare shi ne ya ci gaba da ciyar da mutane. A can ne kuma, cikin Afrilun 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyar gonakinsu. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. A Borno kuma aka yi aikin Kudancin Tafkin Cadi a Sabon Marte, hekta 67,000 a takarda, da dogon kanal da zai jawo ruwan tafkin da manyan famfuna da tashar wuta tasa ta kansa. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ja da baya a farin shekarun 1980, ya bar bakin kanal ɗin a busasshiyar ƙasa. Manoman yankin, su kuwa, suka bi ruwan da ƙafa suna shuka masara da wake a laimar da ya bari, suka samu abin da aikin biliyoyin bai ba su ba, har zuwa lokacin da Boko Haram ta tarwatsa yankin.

Ba sai an je nesa ba ma. A tsakiyar Kadawa akwai katafaren kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da aka buɗe a 2016, wanda aka gina don ya niƙa tan 1,200 a kowace rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir daga Kano har Kaduna, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, kamfani ya tsaya. Tun daga nan yake buɗewa yana rufewa, yau babu isasshen tumatir, gobe ba a daidaita da manoma kan farashi ba. Ga kuɗi, ga inji sabo fil, ga gona a bakin ƙofa, amma abin ya ƙi zama. Manomi kuwa bai fasa ba. In kasuwa ta yi kyau ya loda kwanduna a DAF zuwa Mile 12 a Legas. In ta faɗi, kamar yadda take faɗuwa duk shekara in kaya suka yi yawa wajajen Fabrairu da Maris, ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, ya jira damina. Asara ce, kuma abin kunya ne a ce ƙasar da ke cikin manyan masu noman tumatir a Afirka tana shigo da na gwangwani. Sai dai wanda ya yi asarar bana yana nan a gonarsa baɗi, abin da ba za a faɗa game da ma'aikacin masaƙa ba.

Kada wanda ya je ya ga kore ya ɗauka aljanna ya gani. A ƙarƙashin ruwan Tiga akwai ƙauyuka da gonaki da maƙabartu. Dubban mutane aka tasa, kuma da yawansu an tsugunar da su a tudun da ruwan da ya cinye gidajensu ba ya kaiwa. Tun ƙarshen shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello suka lura cewa talakan da ba shi da kuɗin taki da iri da leburori yana ba da gonarsa haya ko jingina ga attajiran birni da manyan ma'aikata, ya koma ɗan ƙodago a cikinta. Yaran da ke wanka a kanal suna kamuwa da tsargiya, sauro kuma ba ya hutun rani. Alkamar da aka ƙwallafa rai a kanta, har gwamnatin Babangida ta hana shigo da ta waje a 1987, ba ta taɓa kusantar ciyar da gidajen burodin ƙasar nan ba, domin sanyinmu gajere ne. Su kansu manyan kanal ɗin an bar su shekara da shekaru suna tsagewa, yashi da ciyawa na cike su, na kusa da baki ya sha ya yi ambaliya, na ƙarshen layi ya kwana yana gadin ruwa da tocila. Sai da aka ciyo bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a yi musu gyara na a zo a gani. Mun iya gini, yasa ce ba mu iya ba, kamar mai gidan da ya kashe dukiya a rufin kwano ya bar indararo a toshe.

Babban bashin da ke kan Tiga kuwa ba a ganinsa daga kan ganuwarta. Yana can ƙasa, ɗaruruwan kilomita gabas, a fadamun Haɗeja da Nguru. Kafin a datse kogin, ambaliyar kowace damina ce ke malala a wannan shimfiɗa, ta ja da baya a hankali. Masunta su kama kifi, manoma su yi shinkafa, in ruwa ya janye su bi laima da wake da kayan lambu, makiyaya su sauko da rani, rijiyoyi su cika har cikin Yobe. Tiga, da madatsar Challawa da ta biyo baya a 1992, sun rage ambaliyar suka mayar da kogin mai gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwa shi kacalla ke so. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki suka samu maɓoya suna fitowa su cinye gero da shinkafa. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990, suka nuna cewa in aka auna da yawan ruwan da aka kashe, amfanin da fadamar ke bayarwa ya fi na aikin noman rani na Kogin Kano nesa ba kusa ba. Wannan lissafi ya kamata ya hana duk mai son dam barci. Ni bai sa na ce a fasa Tiga ba, tunda mutanen Kura ma 'ya'yan wasu ne, kuma wani kaso na ruwan famfon birnin Kano daga nan yake. Abin da ya nuna shi ne buɗe ƙofar dam da rufe ta hukunci ne tsakanin talakan sama da talakan ƙasa, kuma na ƙasa ba ya wurin in ana yankewa.

Kakanninmu sun san irin wannan aiki tun kafin a yi shi a gida. Aikin Jazira a Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ya fara a 1925 da dam ɗin Sennar, shi ma gangare ke tafiyar da shi, kuma faɗinsa ya ninka na Kadawa sau da dama. Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya Makka a ƙasa sun yi ƙodagon auduga a can don neman guzuri, da yawa suka zauna, kusa da garin Mai Wurno da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jazira ta ɗauki Sudan a kafaɗa shekaru da dama. Abin da ya fara durƙusar da ita, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, laka ce da aka daina kwashewa daga kanal.

Na san abin da tsohon ma'aikacin masaƙa zai ce mini, domin na sha ji a majalisar unguwa. Zai ce, "Ɗana, gona ba ta biyan albashi ranar 25 ga wata. Ba ta da asibitin ma'aikata, ba ta da fansho, ba ta da ƙungiya." Gaskiyarsa. Daga zauren Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Gonar albasa ba ta cika fitar da irin wannan ba. Akwai ma abin da ya fi albashi. A gaban injin saƙa Bahaushe da Bajju da Tibi da Igala da Bayarabe suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka yi yajin aiki tare, suka ci bashin mai shago ɗaya, suka zauna gidan haya ɗaya a Kakuri. Rikicin Fabrairun 2000 da na 2002 sun zo daidai lokacin da masaƙun ke numfashin ƙarshe, matasa na zaune babu aiki, kuma bayansu ne kogin ya zama iyaka, kowa ya kwashi kayansa ya koma ɓangaren da masu addininsa suka fi yawa. Wanda ke kukan masaƙa, har da wancan zaman yake kuka, kuma ba ni da bakin ce masa ya daina. Abin da nake cewa shi ne sharuɗɗan da masaƙa ke bukata, wuta mai arha da ba ta yankewa, iyaka mai tsaro, auduga mai yawa, naira mai daraja, babu ɗaya da ke hannun gwamnan Kaduna, balle shugaban ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ko Cikun. Ruwa da gangare kuwa suna nan a jihar.

Wani zai ce Kaduna ba Kano ba ce, Allah ya ba mu damina mai tsawo, mu ne kan gaba a masara da citta, me za mu yi da noman rani? Amsar tana tashar mota duk bayan kaka, lokacin da samari daga ƙauyukan Giwa da Soba da Kaciya ke cika gari neman acaba da turin baro, saboda daga Nuwamba zuwa Afrilu gona ba ta da abin ba su. Tana kuma Kaciya da Jaba da Kagarko, inda cutar da ta faɗa wa citta a 2023 ta nuna haɗarin jingina rayuwar yanki guda a kan amfani ɗaya na damina ɗaya. Sha'awar noman rani kuwa ba sai an koya wa kowa ba. Ka leƙa ƙarƙashin kowace gada a garin nan da rani, za ka ga fadamar kogi an yanka ta fala-fala da alayyafo da latas da kabeji da masara. Waɗannan mutane da ɗan injin ban ruwa suke aiki, suna sayen fetur a farashin bayan cire tallafi, wasu kuma ruwan da suke ja ya gauraya da dattin magudanun gari da na masana'antun da suka rage. Babu wanda ya auna musu fili, babu wanda ya ba su takarda, kuma duk ranar da mai kuɗi ya ga wurin ya dace da gidan biki, sun tashi.

Madatsun ma muna da su. Kangimi tana Igabi tun shekarun 1970, kuma a gefenta ne kamfanin Tomato Jos ya kafa gona yana aiki da ƙananan manoma. Ga Galma a Kubau. Ga uwa-uba Gurara, a ƙasar Jihar Kaduna take kwance, amma babban aikinta shi ne tura ruwa ta ƙaton bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa dam ɗin Usuma don Abuja ta sha. An haɗa mata da tashar wuta ta megawat 30 da aka ce za ta ciyar da masana'antun Kudenda, da filin noman rani na dubban hekta a wajajen Azara da Jere. Mutumin Abuja ya daɗe yana wanka da ruwan Gurara. A tambayi mutumin Jere eka nawa ya shayar da shi bara.

Da ni ne ɗan majalisar jiha mai wakiltar Makera ko Cikun, da ban sake tsayawa ɗaukar hoto a ƙofar KTL ba. Da na cika bas da shugabannin matasa da na mata, daga masallaci da coci, mun tafi Tiga da sassafe, mun bi kanal a hankali har Kura, mun zauna da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun gaya mana nawa suke biya a eka, wa ke riƙe da makullin ƙofa, yaya suke raba kwanakin ban ruwa, me ke haɗa su faɗa da makiyaya in shanu sun sauko. Da mun dawo na nemi abubuwan da ba su da daɗin ƙaddamarwa da almakashi: a auna fadamar Kogin Kaduna daga Kabala zuwa Kudenda a ba masu nomanta takardar izini, a hana zuba dattin masana'anta a inda suke jan ruwa, a sa kuɗin yasar kanal a kasafin kowace shekara da sunansa. A Gurara kuma, kafin a ƙara haƙa ko taku ɗaya, a liƙa sunayen masu gonakin asali a ƙofar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma, a rubuta wanda za a mayar wa da wace gona, a kuma kira mutanen da ke ƙasan kogin a Jihar Neja su zauna a teburin da za a tsara ranakun sakin ruwa.